Ɗumama Ɗaki da Iskar Gas Lokacin Hunturu: Ina Hayaƙin Zai Bi?

Daga ƙarshen watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar arewa maso gabas kan sauko wa ƙasar Kano ɗauke da ƙurar da akasarinta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi. A garuruwa irin su Gaya da Ajingi, inda fili yake a buɗe, zafin rana kan haura digiri 28 a ma'aunin Selshiyas da azahar, amma kafin asuba ya faɗo zuwa wajen digiri 12, wani lokaci ma ƙasa da haka. Wannan sanyi ba ya buƙatar a ɗumama gida baki ɗaya kamar yadda ake yi a ƙasashen Turai. Abin da ake bukata shi ne ɗumi a ɗakin da tsoho ko jariri ko mai jego ke kwana.

Ɗumama ɗaki guda a bar sauran ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Kaskon wuta da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa duk wannan dabara ce. Abin da ya sauya shi ne ginin. Ɗakin jinka yana numfashi, domin hayaƙi kan sulale ta cikin ciyawa ya fita. Ɗakin bulo da siminti kuwa, mai rufin kwano da silin da tagogin ƙarfe, da zarar an rufe ƙofa an toshe kafofi da tsumma saboda ƙura, ya zama tamkar tulu mai murfi. A irin wannan ɗaki ne tukunyar gas ta fara shiga, bayan da girki da gas ya yaɗu daga birni zuwa ƙananan hukumomi.

Gas ɗin da ake ɗurawa a tukwane haɗin sinadarai biyu ne, wato furofen da butan. Idan ya ƙone sosai, abu biyu yake haifarwa: iskar kabon dayoksaid da tururin ruwa. Amma yana da cin iska ƙwarai. Mudu ɗaya na iskar furofen yana buƙatar kimanin mudu 24 na iskar da muke shaƙa kafin ya ƙone sarai. Idan iskar oksijin ta gaza, sai ƙonewar ta tsaya rabi, a sami kabon monoksaid, wadda ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta kuma sa tari. Tun a shekarar 1857 masanin nan na Faransa, Claude Bernard, ya bayyana yadda take kisa: tana kama sinadarin da ke ɗaukar oksijin a cikin jini, kuma an gano cewa riƙon da take yi masa ya fi na oksijin ƙarfi sau 200 ko fiye. Jini yana zagayawa, amma bai ɗauko wa ƙwaƙwalwa da zuciya abin da suke jira ba. Alamun farko su ne ciwon kai da jiri da tashin zuciya da kasala, waɗanda a ƙasarmu nan take za a ce zazzaɓin cizon sauro ne. Wanda yake barci kuwa ko waɗannan ba zai ji ba. A nan ne gawayi ya fi itace mugunta, domin hayaƙin itace yakan kori mutum daga ɗaki, shi kuwa garwashi yana ci shiru.

Saboda haka masu ƙera na'urorin ɗumama ɗaki suka rarraba su bisa tambaya guda: daga ina wutar ke samun iska, kuma ina abin da ta fitar yake zuwa?

Akwai mai bututun hayaƙi da ke miƙewa ya huda rufi. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka takan hau bututun da kanta. Sai dai wannan na'ura daga cikin ɗakin take jan iskar da take ƙonawa, har da wadda ta riga ta ɗumama, kuma dole a bar mata wata kafa da sabuwar iska za ta shigo. In an toshe ko'ina, ko iskar hunturu ta bugi bakin bututun, ko tsuntsu ya yi sheƙa a ciki, hayaƙin na iya juyowa ɗaki.

Wadda ta fi dacewa da ɗakin kwana ita ce mai bututu biyu, ɗaya a cikin ɗaya, da ke ratsa bango kai tsaye. Wutar tana ci ne a cikin akwatin da aka rufe ruf da ƙarfe ko gilashi. Bututun waje yana shigo da iska daga tsakar gida, na ciki kuma yana fitar da hayaƙi, sannan zafin hayaƙin da ke fita yana ɗumama iskar da ke shiga. Ta haka wutar ba ta taɓa iskar da mai ɗaki ke shaƙa, zafinta kawai ke ratso jikin akwatin. Da yawa daga cikin irinta ba sa buƙatar lantarki. Aibinta shi ne tsada, da kuma buƙatar gwani wajen kafawa. A ginin ƙasa wajibi ne a nisanta bakin bututun da azara da jinka da danga, kada kuma ya fuskanci taga ko wurin da ake ɗaure dabbobi. Akwai kuma mai fanka da ke tura hayaƙi waje da ƙarfi, amma inda wutar lantarki ba ta da tabbas, ba sai an daɗe a kanta ba.

Saura wadda ba ta da bututu sam, kuma ita ce ta fi jan hankalin mai saye, saboda araha ce, ana ɗaukarta daga ɗaki zuwa ɗaki, kusan duk zafinta kuma a ciki yake zama. Amma duk abin da ta ƙona ma a ciki yake zama. Kilo ɗaya na gas yana sakin kimanin lita ɗaya da rabi na ruwa a matsayin tururi. A bushewar hunturu wannan ba zai dami kowa ba da farko, ko da yake yakan taru a ƙarƙashin kwano ya riƙa ɗiga. Masu inganci daga cikinsu suna da wata 'yar na'ura mai lura da oksijin. Iskar duniya tana ɗauke da kashi 21 cikin 100 na oksijin. Idan ta ɗaki ta sauko wajen kashi 18, ƙaramin harshen wutar da ke tsaron na'urar yakan janye, gas ya yanke. Dabara ce mai kyau, amma oksijin take aunawa, ba kabon monoksaid ba. Idan ƙura ta toshe ƙofofin da iska ke shiga kan murhun, wutar na iya fitar da guba alhali oksijin bai ragu a ɗakin ba. Ƙasar da ƙura ke rufe kwano cikin yini guda ba ita masu ƙera na'urar suka yi wa lissafi ba. Ko a Amurka, jihar Kalifoniya ba ta yarda a kafa irin wannan a gidajen zama ba. Harshen wuta shuɗi tsayayye alama ce ta ƙonewa mai kyau. In ya koma rawaya yana rawa, ko baƙi ya fara bayyana a jikin ƙarfe, a kashe. Murhun girki kuwa ba shi da ko wannan 'yar na'ura, don haka kunna shi a rufe ƙofa a kwanta daidai yake da shigar da kaskon gawayi ko janareto ɗaki.

Ita kanta tukunyar tana da nata sha'ani. Gas ɗin ya fi iska nauyi, saboda haka in ya zuba ba ya tashi sama, ƙasa yake bi ya kwanta, daidai inda ake shimfiɗa tabarma. Warin da ake ji ba nasa ba ne, wani sinadari ne ake zuba masa da gangan don hanci ya gane. Mazaunin tukunya waje ne, a tsaye, a inuwa, kuma da ruwan sabulu ake gwada mahaɗar tiyo, ba da ashana ba.

Idan aka tarar da mutanen ɗaki ɗaya duk sun tashi da ciwon kai, ko wani ya kasa farkawa, sai a buɗe ƙofa da tagogi, a fitar da su fili, a kashe wutar, a garzaya da su asibiti mafi kusa, kamar babban asibitin Gaya, a kuma gaya wa likita cewa da wuta suka kwana. Madara ko manja ba sa cire wannan guba daga jini. Oksijin tsantsa da ake ba wa majinyaci ta takunkumi shi ke korar ta: a iskar fili rabin gubar kan ɗauki awa 4 zuwa 5 kafin ya fita, amma da oksijin na asibiti lokacin kan ragu zuwa awa ɗaya da 'yan mintoci.