Wasa ma abinci ne ga ƙaramin yaro, har a ranakun Sallah

A cibiyoyin CRENI, inda ake kwantar da yara masu tsananin tamowa, jinya ba ta tsaya ga madara da magani ba. Ƙa'idar hukumar lafiya ta duniya OMS ta tanadi wasa na minti 15 zuwa 30 kowace rana, saboda yunwa na dakushe ƙwaƙwalwa, wasa da hira kuma na taimaka mata ta farfaɗo.

Yaro mai lafiya ma haka yake. Ba sai an sayi kayan wasa masu tsada ba: ƙoƙo da ludayi, waƙar reno, tatsuniyar kaka da amsa gwarancin jariri duk suna gina harshe da tunani.

Lokacin Sallah ne wannan tsari ke yawan rushewa. Yawon barka da Sallah, hayaniyar baƙi da kwanan dare kan gajiyar da yaro, sai ya yi ta kuka a ce rigima ce. A shawararta ta 2019, OMS ta ce ɗan shekara 3 zuwa 4 na buƙatar barcin awa 10 zuwa 13, kallon waya ko talabijin kuma kada ya wuce awa 1 a rana. Don haka iyaye su taƙaita ziyara, su bar lokacin barci yadda aka saba.

Yaron da ya kai wata 18 bai fara tafiya ba, ko ba ya waiwayowa in an kira sunansa, a kai shi CSI mafi kusa. Kulawa da wuri ta fi amfani.