Yadda Za Ka Jagoranci Wasan Labari Irin Dungeons & Dragons Da Wayarka Kawai

Yau za mu ajiye batun ram da batir, mu duba wani wasa da ba ya cin data sosai, ba ya kuma bukatar babbar waya. Abin da yake bukata shi ne mutum huɗu ko biyar, da mutum ɗaya da ya yi shiri.

Mene ne wasan?

Ka ɗauki tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, amma masu saurare su ne 'yan cikin labarin. Kowa ya ɗauki mutum ɗaya yana magana da yawunsa, yana yanke masa shawara. Mutum guda kuma shi ne jagoran wasa, wanda Turawa ke kira Game Master. Shi ke bayyana gari da daji, shi ke magana a madadin sarki da ɓarawo da mai kwale-kwale, shi ke yanke hukunci.

Mafi shahara a irin waɗannan wasanni shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Bugu na biyar ya fito a 2014, kuma kamfanin Wizards of the Coast ya saki ƙananan dokokinsa kyauta a intanet.

Yadda ake yanke hukunci

Idan ɗan wasa ya ce zai yi abin da ke iya yiwuwa ko ya ƙi, sai a jefa dayis, irin na lido, amma mai fuska 20. Jagora zai sa lamba: 10 abu mai sauƙi, 15 matsakaici, 20 mai wuya. Kowace fuska tana da kashi 5 cikin 100. Idan ka sa 15, fuska 6 ne kawai za su ci, wato kashi 30. Idan ɗan wasan yana da ƙarin maki 3 saboda gwanintarsa, 12 ta ishe shi, damarsa ta koma kashi 45. Ka san wannan lissafi, don kada ka riƙa sa lambar da ba mai iya kai wa.

Ni dai ban taɓa cin karo da irin wannan dayis a kasuwa a nan Sakkwato ba, amma waya ta wadatar. Rubuta roll d20 a Google, zai jefa maka. Mai koyon Python kuma layi ɗaya ne, random.randint(1, 20), bayan ya shigo da random, kuma yana aiki ko babu data.

Kuskuren da na yi

Ranar da na fara jagoranci, na shirya labarin kamar yadda nake rubuta manhaja: idan sun yi kaza, kaza zai faru. Shafi goma na cika. Minti ashirin da farawa, abokaina suka ƙi shiga garin da na ɓata dare uku ina tsarawa, suka bi wani mai jaki da na ambata a wuce. Na yi ta tilasta musu komawa, har wani ya ce, "Malam, in kai kaɗai za ka yi wasan, bari mu tafi." Mako biyu ba wanda ya dawo.

Darasin shi ne: kada ka rubuta abin da zai faru. Ka rubuta matsala, ka bar musu mafita.

Shirin da ya isa

Shafi ɗaya a Google Keep ya wadatar. Ka rubuta abin da zai buɗe wasan da zafi, wurare uku, mutane huɗu tare da abin da kowannensu ke so, sai sirrika biyar da 'yan wasa za su iya ganowa. Kada ka ɗaure sirri a wuri ɗaya. Duk inda suka nufa, ka ajiye musu shi a can. Ka tanadi sunaye goma, domin dole su tambayi sunan wanda ba ka shirya ba.

Ba sai ka ari dodannin Turawa ba. Tarihinmu cike yake da kayan aiki. A ƙarni na 19 ayarin fatake na tashi daga ƙasar Hausa zuwa Salaga a Gwanja, cikin Ghana ta yau, su kai kanwa da tufafi a kan jakuna, su dawo da goro. Akwai madugu, akwai jagaba, akwai kuɗin fito a bakin Kwara, akwai 'yan fashi a hanya. Ka ba 'yan wasanka ayari guda, ka ce madugu ya kwanta ciwo kwana ɗaya kafin ƙetare kogi, mai fito kuma ya ninka kuɗi. Wasa ya tashi. Kangon Surame, birnin Kanta na Kabi, shi ma fili ne mai kyau. Gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke nan cikin gari zai ba ka hoton makamai da kayan da.

Zaman farko

Kafin labari, ku zauna ku yarda da iyaka. Dokokin asali suna cike da tsafi da gumaka, kuma da yawanmu ba za su so hakan ba. Cire su, wasan bai lalace ba. Kada a sa ko sisi a kan dayis, don kada ya zama caca. Ku tsaida lokaci, awa biyu tsakanin La'asar da Magariba ta isa.

Yayin wasa, ka lura da mai shiru. Ka kira sunansa ka ce, "Kai fa, me za ka yi?" Idan dayis ya ƙi, kada labari ya tsaya: sun ƙetare kogin, amma jaki ɗaya ya tafi da kaya.

Idan kuna nesa da juna, Discord da Roll20 suna aiki, sai dai suna son intanet mai ƙarfi. Zauren WhatsApp ya fi dacewa da mu: jagora ya tura saƙon murya, kowa ya amsa kafin dare.

Abokan nan nawa sun dawo daga baya. Mai jakin da suka bi, yanzu shi ne madugun ayarinsu, kuma har yau ba su shiga garin nan nawa ba.