Huhun roba mai numfashi da ke rage dogaro da ɓeraye wajen gwada magani

Girmansa bai wuce na filashin kwamfuta ba, amma yana numfashi.

A shekarar 2010 ne masu bincike a Cibiyar Wyss ta Jami'ar Harvard da ke Amurka, ƙarƙashin jagorancin Donald Ingber, suka fito da wannan na'ura mai kwaikwayon huhun ɗan'adam.

A cikinta akwai siraran hanyoyi biyu da wani tantani mai ƙananan huji ya raba. A sama an shimfiɗa ƙwayoyin halittar huhun mutum, iska na ratsawa. A ƙasa kuma na jijiyar jini, ruwa na gudana. Idan aka zuƙe iska daga gefe sai tantanin ya miƙe, a saki ya koma, kamar yadda huhu ke yi.

Buƙatar a fili take: kusan magunguna tara cikin goma da ake fara gwadawa a jikin mutane ba sa samun amincewa, duk da sun tsallake gwajin dabbobi, domin jikin ɓera daban, na mutum daban.

A 2012 an saka wa na'urar maganin kansa na interleukin-2, wanda kan tara wa wasu majinyata ruwa a huhu. Ruwan kuwa ya tsattsafo cikin hanyar iska, aka kuma gano cewa motsin numfashi na ƙara tsananta matsalar.

A Disamban 2022 Shugaba Joe Biden ya sa hannu kan dokar da ta cire tilascin gwada sabon magani a kan dabbobi.

Sai dai huhu kaɗai ba zai nuna yadda hanta da ƙoda za su karɓi magani ba, shi ya sa masana ke haɗa na'urorin gaɓoɓi da dama wuri guda.