Gani Ya Kori Ji: Yadda Likita Ke Duba Zuciya Da Jijiyoyin Jini Da Hoto

Zuciyar mutum ba ta fi dunƙulen hannunsa girma ba, amma duk cikin jiki babu abin da ya kai ta aiki. Takan buga sau 60 zuwa 100 a minti guda, watau wajen sau 100,000 ke nan a kwana ɗaya, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti. Ɗakuna huɗu gare ta, da ƙofofi huɗu, kowace ƙofa da ƙyaurenta wanda ke buɗewa jini ya wuce, sa'an nan ya rufe domin kada jinin ya komo baya. Sai dai Allah ya ɓoye ta a bayan haƙarƙari, inda ido ba ya kaiwa. Saboda haka ciwonta yakan daɗe yana ci a ɓoye, mai shi yana harkokinsa, har ran da ƙafa za ta kumbura, ko numfashi ya gagara in an kwanta.

A da, likita ba shi da abin dogara sai kunnensa da yatsunsa. Ya ɗora abin saurare a ƙirji, ya taɓa jijiyar hannu, ya yi hukunci da abin da ya ji. Yau kuwa akwai na'urori da ke nuna masa zuciyar kanta. A Maiduguri, babban wurin wannan aiki shi ne Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri da ke kan hanyar Bama, wanda Shugaba Shehu Shagari ya buɗe a 1983. Majinyata sukan zo masa daga Borno da Yobe, har ma daga Chadi da Nijar da Kamaru. Da yawa cikinsu sukan iso da kalma ɗaya a baki, wai sun zo a yi musu "hoto". To, ya kamata jama'a su sani hoton asibiti ba iri ɗaya ba ne. Kowane iri da tambayar da yake amsawa, kuma wanda ya fi tsada ba lalle ne shi ya fi dacewa da ciwon mutum ba.

Hoton ƙirji

Wannan shi ne mafi tsufa, shi ne kuma aka fi sani. Wani masani Bajamushe, Wilhelm Rontgen, ya gano hasken eksire a 1895. Haske ne da ido ba ya gani, yana ratsa nama amma ƙashi yana tare shi. In aka haska ƙirji da shi, sai inuwar zuciya ta fito fara a tsakanin huhu biyu. Likita yakan auna faɗin inuwar, ya gwada da faɗin ƙirji. Idan ta wuce rabi, alama ce zuciya ta ƙara girma. Hoton yakan nuna kuma ko ruwa ya taru a huhu, yakan taimaka a rarrabe tarin da zuciya ta jawo da tarin fuka. Amma inuwa ce kawai. Ba ta faɗin dalilin da ya sa zuciyar ta kumbura.

Akwai kuma awon da ake manna wa mutum wayoyi a ƙirji da hannuwa da ƙafafu, na'ura ta zana layi mai hawa da sauka a kan takarda. Sunansa ECG. Ba hoto ba ne, rubutun bugun zuciya ne, kuma wayoyin ba su sa wa mutum lantarki, saurare kawai suke yi.

Hoton da ake ɗauka da sauti

Wanda ya taɓa yin kira a bakin rijiya mai zurfi ya ji muryarsa ta komo masa, ya riga ya san tushen wannan hoto. Na'urar tana aika sauti mai tsinin da kunnen mutum ba ya ji zuwa cikin ƙirji. Sautin ya bugi bangon zuciya ya komo, na'ura ta mai da amsa-kuwwar ta zama hoto mai motsi a kan allo. Wani likita mai suna Inge Edler da wani masanin kimiyya Hellmuth Hertz su suka fara gwada shi a kan zuciya, a birnin Lund na ƙasar Suwidin a 1953. A asibiti ana ce masa eko. Ɗan'uwan sikanin da ake yi wa mata masu ciki ne. Babu allura, babu yanka, babu hasken eksire. Majinyaci ya kwanta a gefen hagu, a shafa masa wani mai mai santsi a ƙirji, a ɗora kan na'urar, cikin kamar rabin sa'a an gama.

Ga irin ciwon zuciyar da ya fi damun mutanen ƙasar nan, babu hoton da ya kai wannan amfani. Dalili kuwa, cututtuka uku da suka fi kwantar da jama'a duk eko yana nuna su sarai.

Na farko shi ne ɓarnar hawan jini. Idan awon jini ya zauna a kan 140 bisa 90 ko fiye, shekara da shekaru, zuciya tana tura jini ne da ƙyar, kamar mai tura amalanke a kan tudu. Da fari bangonta ya yi kauri. Daga baya ya gaji, ya saki, ɗakunan su buɗe. Eko yana auna kaurin bangon tun mutum bai ji komai a jikinsa ba. Yana kuma auna yawan jinin da babban ɗakin hagu ke fitarwa a bugu guda. A lafiyayyen mutum yakan fitar da kashi 55 zuwa 70 cikin ɗari na abin da ke cikinsa. Idan ya sauka ƙasa da kashi 40, zuciya ta raunana ƙwarai, kuma akwai magunguna na musamman da ake bayarwa a kan wannan adadi. Ke nan lambar da aka rubuta a takardar eko ita ke zaɓar wa mutum magani.

Na biyu ciwo ne na masu jego, wanda arewacin Nijeriya na cikin wuraren da ya fi yawa a duniya duka. Mace ta haihu lafiya, ko tana cikin watanta na ƙarshe, sai haki ya kama ta, ƙafafu da fuska su kumbura, tari ya hana ta barci sai ta jingina. Yakan zo daga ƙarshen goyon ciki har zuwa wata biyar bayan haihuwa. A shekarun 1970 likitoci biyu a Zariya, Davidson da Parry, suka yi nazarinsa, suka sami yana kama wajen mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu a can. A lokacin an ɗora laifin a kan wankan jego, da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta, da kunun kanwa, kanwar da tun zamanin da ake fataucinta daga yankin Tafkin Chadi. Wani bincike da aka yi daga baya a asibitoci da yawa na ƙasar nan, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Kamilu Karaye na Kano, wanda aka buga a 2020, bai tabbatar da cewa waɗannan al'adu su ne tushen ciwon ba. Ya fi nuna hawan jinin masu ciki, da rama, da rashin abin hannu. Duk da haka, gishiri da kanwa suna riƙe ruwa a jiki, ba su kuwa dace da zuciyar da ta riga ta gaji ba.

Abin baƙin ciki shi ne a gida akan ɗauki kumburin mai jego a kan sanyi ne ya shige ta, ko wanka ne bai karɓe ta ba, sai a ƙara wa ruwa zafi, a ƙara kunu. Alhali eko zai nuna zuciyar ta buɗe, tana matsawa da ƙyar. Mata da dama sukan warke idan an fara magani da wuri, zuciyar ta koma yadda take cikin watanni. Wasu kuwa ba ta komawa, ko da sun ji sauƙi a jiki. A nan ne hoton ke raba gardama. Macen da zuciyarta ba ta murmure ba, idan ta sake ɗaukar ciki, ranta yana cikin haɗari babba. Saboda haka wajibi ne ga maigida ya mai da iyalinsa a sake yi mata eko bayan wata shida, kuma kada a yi shawarar wani cikin sai likita ya duba hoton ya yi magana.

Na uku yakan fara ne tun ƙuruciya, daga ciwon maƙogwaro da wata ƙwayar cuta ke kawowa. Idan ba a yi maganinsa da kyau ba, bayan makonni sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su biyo, daga nan ƙyauren zuciya ya lalace, ko ya ƙanƙance, ko ya riƙa yoyo. Likita yakan ji wani huci a ƙirjin yaron, amma eko ne ke nuna wace ƙofa ce, da iyakar ɓarnar. Yaron da aka gano da wuri, allurar fenisilin da ake yi masa duk bayan mako uku ko huɗu tana hana ciwon ƙaruwa.

Jijiyoyin jini

Na'urar sautin nan tana da wata dabara da ake kira Dofla, wadda ke nuna gudun jini da inda ya dosa. Da ita ake duba manyan jijiyoyin wuya masu kai jini ƙwaƙwalwa, a ga ko kitse ya tsuke su. Da ita ake neman gudan jini a ƙafar da ta kumbura ita kaɗai tana zafi, domin gudan yana iya ɓallewa ya tafi huhu. Da ita kuma ake duba ƙafar mai ciwon sukari wanda gyambonsa ya ƙi warkewa.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa wani hoton take bukata. Iri biyu ce: ko jijiya ta toshe a ƙwaƙwalwa, ko ta fashe jini ya zuba. A ido duk ɗaya suke, baki ya karkace, hannu ya mutu, magana ta sarƙe. Amma maganin da ke tsinka jini, irin su asfirin, wanda ke taimakon mai toshewa, yana iya ƙarasa mai fashewa. Na'urar CT, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera, aka fara ɗaukar majinyaci da ita a Landan a 1971, ita ke rarrabe su cikin mintoci, gama tana yanka hoton kai falle falle. Wanda wannan ya same shi, a kai shi asibiti a sa'ar nan. Kada a tsaya shafe-shafe sai gobe, kada kuma a ba shi asfirin a gida.

Idan ana zaton jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar kanta ne suka toshe, akan zura siririyar roba ta jijiyar wuyan hannu ko ta matsematsi har bakin zuciya, a zuba wani ruwa mai kama da rini, a bi shi da eksire. Aiki ne na ƙwararru, a manyan cibiyoyi kaɗai ake yinsa. Haka ma hoton MRI, mai aiki da maganaɗisu, ba kowane mai ciwon zuciya ke bukatarsa ba.

Abin da za a gaya wa ma'aikata

Hasken hoton ƙirji guda kaɗan ne, na CT ya ninka shi sau da yawa. Don haka ba a yin su don marmari, kuma mace mai ciki, ko wadda take zaton tana da shi, ta faɗa kafin ta shiga ɗakin.

Rinin da ake zubawa a jijiya ƙoda ce ke tace shi. Ciwon ƙoda kuwa ya yi yawa a sassan Borno da Yobe, musamman wajen Gashuwa. Wanda ya san yana da shi ya faɗa, kuma kada a ga ɓata lokaci ne idan an ce sai an gwada jini tukuna.

Maganar ƙarfe ta shafi mutanen wannan yanki fiye da kowa. Tun daga 2009 da rikici ya ɓarke, akwai mutane da yawa da ke yawo da harsashi ko ɓarɓashin bam a jikinsu. Maganaɗisun MRI yana da ƙarfin da zai iya motsa irin wannan ƙarfe a cikin nama. Duk wanda aka taɓa harbi, ko fashewa ta rutsa da shi, ko aka dasa masa na'urar daidaita bugun zuciya, tilas ya faɗa, ko da abin ya shekara goma ba ya damunsa.

Har wa yau, a lura da inda ake zuwa. Tun 1987 doka ta kafa hukumar da ke yi wa ma'aikatan hoton asibiti rajista. Hoton da wanda bai koya ba ya ɗauka, ya kuma fassara, yana iya sa lafiyayye shan maganin da bai kamace shi ba, ya sallami mai ciwo ya koma gida.

Na'ura tana bukatar wuta

Waɗannan na'urori masu tsada ne, ba su kuwa jure zafi da ƙura da yankewar lantarki. Mutanen Maiduguri shaida ne. A watan Janairu na 2021 aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, birnin ya daɗe cikin duhu, har aka gina tashar wuta mai aiki da iskar gas, aka buɗe ta a 2023. A ranar 10 ga Satumba 2024 kuma madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Asibitin Koyarwa ya taɓa na'urori masu yawa. Babbar na'ura idan ta tsaya, gyaranta ba na kwana ɗaya ba ne. Ta eko kuwa akwai ƙarama wadda ake ɗauka a hannu, tana aiki da batir, ana iya kai ta har gadon majinyaci.

Saboda haka mutumin Biu ko Monguno ko Gwoza ba sai ya fara da babban asibiti ba. Ya fara da na kusa da shi, a auna jininsa, a saurari ƙirjinsa, in akwai bukata a ba shi takardar turawa wadda ta faɗi irin hoton da ake so. Ran tafiya ya riƙe dukan magungunan da yake sha, har na gargajiya, da tsofaffin hotunansa da takardunsu, domin likita yana gane ko ciwo na gaba ko na baya ne idan ya jera hoton bana da na bara. A ajiye su a cikin leda, a wuri mai tudu inda damshi ba ya kaiwa, wanda yake da waya kuma ya ɗauki hoton takardar sakamakon ya adana a ciki.