Auna Jin Ƙananan Yara Tsakanin Aborijin na Ostireliya

Tun da yake yaro ba ya furta kalmar da ba ta taɓa shiga kunnensa ba, kuma ji, daga cikin ni'imomin Allah Ta'ala, shi ne tushen magana da karatu baki ɗaya, ba abin mamaki ba ne da ciwon kunne tsakanin 'ya'yan Aborijin, wato mutanen da Turawa suka tarar a Ostireliya, ya daɗe yana damun likitocin ƙasar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade cewa duk al'ummar da fiye da yara 4 cikin 100 suke da kunne mai yawan zubar da mugunya tana bukatar agajin gaggawa. Alhali kuwa a ƙauyuka masu nisa na Yankin Arewa, masu bincike na cibiyar Menzies da ke birnin Darwin sun tarar kusan yara 9 cikin 10 suna ɗauke da wani nau'i na ciwon kunne, wanda galibi yakan kama jariri tun yana da 'yan makonni. Cunkoson gidaje da hayaƙi da yawan mura su ne manyan sabubba, domin ƙwayoyin cuta daga hanci suke haurawa ta siririyar kafar da ta haɗa maƙogwaro da kunne.

Illar lalurar tana cikin ɓuyanta. Ana gwada jin jarirai tun a asibitin haihuwa, mafi yawansu kuwa lafiya lau ake sallamarsu; sai daga baya ruwa mai kauri ya taru a bayan dodon kunne, sau da yawa ba zafi ba zazzaɓi, jin ya riƙa raguwa yana dawowa, har ranar da yaron da ya tashi da harshen Warlpiri, ga Turanci baƙo ne a wurinsa, zai zauna a aji malami ya ɗauke shi mai taurin kai ko daƙiƙi.

A shekarar 2019 hukumar Hearing Australia ta soma shirin HAPEE, wanda yake duba kunnen yaran Aborijin da ba su shiga makaranta ba, kyauta. Akwai madubin leƙa kunne, akwai na'urar auna motsin dodon kunne, amma a ganina hikimar ta fi bayyana a takardun tambayoyi biyu, PLUM da HATS, waɗanda sashen bincike na hukumar ya tsara. Uwa ko kaka ake tambaya: in an kira yaron ba ya ganin fuskar mai kira, yana waiwayowa? In ana hayaniya, yana fahimtar aiken da aka yi masa? Na'ura dai halin kunne a sa'a guda take nunawa, mai reno kuwa shaidar yau da gobe take bayarwa.

Wanda zai yi tambayar ma abin lura ne. Al'ummar da gwamnati ta yi ta raba ta da 'ya'yanta har wajen 1970, abin da Firayim Minista Kevin Rudd ya nemi gafara a kansa a 2008, ba za ta yi saurin faɗa wa baƙo aibin ɗanta ba. Shi ya sa ake dogara da asibitocin da Aborijin suke gudanarwa da kansu, irin wanda aka fara buɗewa a unguwar Redfern ta Sidni a 1971. Gwaji ba ya rage cunkoson ɗaki, hakika, kuma sau ɗaya ba ya wadatarwa. Shawarar masana ita ce a maimaita shi duk bayan wata 6 har yaro ya kai shekara 4.