Safo: Sulhun manoma da makiyaya a zauren sarki

Duk wanda ke cin kasuwannin ƙasar Madarunfa ya san cewa ranar da aka samu tsamin dangantaka tsakanin gari da ruga, tun da hantsi ake ganewa. Ƙwaryar nono ba ta shigowa, man shanu ya yi tsada, kara ta zama fayau, mai dawo kuma ta koma gida da kayanta.

Mu mutanen jihar Maraɗi mun san inda irin wannan rigima take kaiwa. A watan Oktoba na 1991, ana tsakiyar babban taron ƙasa a Yamai, rikicin ɓarnar gona a Toda, cikin ƙasar Gidan Rumji, ya ci rayukan Fulani fiye da 100, akasarinsu mata da yara. A 1993 gwamnati ta fito da dokar tsarin karkara, wadda ta haifar da kwamitocin filaye da ake kira Kofo, tun daga gunduma har ƙauye. Dokar kiwo ta 2010 kuma ta ce rikicin manomi da makiyayi a fara kai shi gaban sarakuna domin sulhu kafin a je wurin alƙali.

Yadda abin yake tafiya a kanton irin na Safo shi ne, idan shanu suka shiga gona, mai gari ya kira mai gonar da mai dabbobin, kowa da mutanensa, a je a gani da ido, a ƙiyasta ɓarnar. Makiyayi ya amsa laifi a gaban jama'a, ya biya, a rubuta takarda kowa ya sa hannu. In ya gagara, sai a wuce fadar sarkin kanton. Haka kuma manomin da ya cinye burtali ko ya toshe hanyar mashaya, shi ma a sa shi ya ja da baya. A nan ne muke ganin ana yawan kau da kai, alhali makiyayin da aka ci tararsa sau uku ba a taɓa buɗe masa burtali ba, ba zai sake yarda da zauren ba.

Gidan kaso ba ya maido wa mai gona damen hatsinsa, biyan ɓarna kuwa yana maidowa, kuma gobe mutanen biyu su gaisa a kasuwa. Ƙasar Ruwanda ma, bayan kisan ƙare-dangi na 1994, zaman ƙauye da suke kira Gacaca ta komawa, inda aka saurari ƙararraki kusan miliyan 2 kafin a rufe su a 2012.

Sai dai sulhu yana da iyaka. Zubar da jini aikin jandarma da kotu ne. Tun 2019 da hare-haren ’yan bindiga suka koro dubban ’yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina zuwa jihar nan, satar shanu da garkuwa da mutane sun sa wasu na yi wa kowane Bafulatani kuɗin goro, alhali garkensa ake fara korewa. Mai nonon da kika saba ba ta bashin gero, ’yar uwa, ita ma da fargaba take kwana.