Warware Lissafin Shekaru da Tagwayen Daidaito

Tambayar shekaru a aljabara, irin wadda ɗalibai ke gamuwa da ita a jarrabawar WAEC da NECO, kan ɓoye lambobi biyu, ta ba da bayani biyu a kansu. Kowane bayani ana mayar da shi daidaito, wato jimlar lissafi mai alamar = a tsakiya, sannan a warware su tare. Bayani ɗaya ba ya isa. Idan an ce shekarun uba da na ɗansa sun haɗu sun ba da 50, amsar tana iya zama 40 da 10, ko 35 da 15. Bayani na biyu ne ke raba gardama.

A ce an ƙara da cewa shekara 5 da suka wuce, shekarun uban sun ninka na ɗan sau huɗu. Sai a kira shekarun uban na yanzu x, na ɗan kuma y. Bayanin farko ya zama x + y = 50, na biyu kuma x − 5 = 4(y − 5).

Nan gizo ke saƙa. Shekara biyar ɗin ta wuce wa uba, ta wuce wa ɗa, don haka dole a cire ta daga kowannensu, kuma huɗun ta ninka duk abin da ke cikin baka. Wanda ya yi gaggawa ya rubuta 4y − 5 zai sami 40 da 10, lambobi masu kyan gani, amma da ya koma baya shekara biyar zai tarar da 35 da 5, ninki bakwai ke nan.

Idan aka buɗe bakan daidai, x = 4y − 15. A sa wannan a gurbin x a daidaito na farko: 5y − 15 = 50, wato y = 13, x = 37. Ana iya bin wata hanyar, a jera x + y = 50 da x − 4y = −15, a debe na biyu daga na farko, x ta fita, a bar 5y = 65. Gwajin amsar kuwa da kalmomin tambayar ake yi: shekara 5 da suka wuce uban yana da 32, ɗan yana da 8, kuma 32 ta ninka 8 sau huɗu.

Tazarar shekarun mutum biyu ba ta canzawa, ninkin ne ke raguwa. Tsakanin wannan uba da ɗansa 24 ce kullum, saboda haka ranar da ɗan ya cika 24, nan da shekara 11, uban zai kai 48, ninki biyu kacal.